Saura Mutum Ɗaya

Ƙarfe biyar na asuba ina tashar Wadata,
kwali biyu na kayan injin ban-ruwa a gabana.
Ɗan kamasho ya rantse da kabarin kakarsa
saura mutum ɗaya mu tashi.
Mutum ɗayan nan na san halinsa,
shekara tara ke nan muna jiran sa,
bai taɓa isowa kafin hantsi ba.

Jaka huɗu kujera, in ji mai rubutu.
Kwali jaka da rabi, wai ya fi ni ƙiba.
A shingen farko dala ɗari.
A na biyu aka shinshina kayana,
aka ce suna warin baƙunta,
wata dala ɗari ta wanke su tas.
Ina rubutawa a bayan takardar siminti,
don Cima za ta tambaya da dare,
ita ba ta karɓar lissafin baki.

Muna bin hanyar filin jirgi
sai ga shi a gefe yana yi mana rakiya:
dogo, ƙarfe biyu a miƙe kamar sahun salla,
an tayar da iƙama, liman bai fito ba.
Wata ta shanya zanenta a kansa,
akuya ta haihu tsakanin haƙarƙarinsa,
mai faci ya same shi maƙera kyauta.

Ranar bikinsa na rufe shago na je.
Na ji kukansa da kunnena, sau ɗaya,
na koma gida na ce wa Cima,
daga yau Doso ta zama bayan gida,
in tafi da safe, in ci tuwon dare a nan.
Ta ce to, ta ci gaba da tankaɗe.

Babana Tankari, Allah ya jiƙan sa,
ya taɓa shiga jirgi a Ƙauran Namoda
da fatun awaki zuwa Ikko.
Kwana biyu suka yi a tasha suna jira,
guzuri ya ƙare, suka koma gyaɗar talla.
Amma da ya busa, in ji shi, ƙasa ta amsa,
kuma kuɗin ɗauri bai kai na goron hanya ba.
Har ya rasu yana zagin jirgin nan
irin zagin da ake yi wa tsohon aboki.

Namu wa zai zage shi?
Bai taɓa makara ba,
bai taɓa barin kowa a tasha ba,
ranar da mai ya hau bai ƙara ko dala ba.
Alkawarinsa bai karye ba,
yana nan kwance, sabo, rana na gasa shi.

Kafin Birnin Gaure taya ta fashe.
Safayar ma ashe iskar bara ce a cikinta.
Wayata ta yi ƙara: Alhaji Zabairu,
albasarsa ba ta san uzuri ba,
ya sayi kayan a hannun wani ɗan Gaya.
Na ce ba komai, haka ake cewa.
Na taka na je na dafa ƙarfen nan,
ko zan ji wani motsi daga nesa.
Zafi kawai na ji, da tururuwa
tana jigilarta a kan lokaci.

Da dare Cima ta duba takarda, ta ninke.
Ubaida ta kawo littafinta na lakkwal,
an ce su zana jirgin ƙasa.
Ta ja layi biyu har bakin shafi,
ta sa akuya, ta sa zane da mai faci.
Na ce, ƴata, ina jirgin?
Ba ta ɗago kai ba ta ce,
Baba, yana tasha,
saura mutum ɗaya ya taso.