Ƙuri'ar Nima

Ni ke jan wayoyi a zauren tantancewa,
ni ke ɗaure lasifika da tsumman roba.
Waƙoƙi arba'in da ɗaya suka bi ta hannuna,
ɗaya tak za ta hau jirgi da tutar ƙasa.

Alƙalai uku, gorar ruwa uku.
Na farko ya ce a yi da Tonanci, masu shi ke da yawa.
Ta biyu ta ce Turanci, kar duniya ta zare ido.
Na uku na gyangyaɗi, biro a hannunsa.

Sai ga Barikisu, 'yar layinmu,
cikin takalmin aro da ya fi ƙafarta.
Baiti da Hausa, amshi da Ga,
muryar nan mai tada masu shan koko da asuba.
Na ƙara mata sauti kaɗan. Allah na tuba.

Aka ce rabin maki na alƙalai, rabi na jama'a:
saƙo ɗaya, sidi ɗaya.
Munkaila yaron mota ya tura cinikin yininsa.
Hajiya Memuna mai wake da shinkafa ta tura talatin,
ta ce, "Ko ba ta ci ba, Ankara ta san muna nan."

Ta zo ta uku.
Wanda ya ci, hotonsa na kan allunan titi
tun kafin in jona waya ta farko.

Ƙarfe biyu na naɗe kayana.
Da assalatu na ji ta a bakin kwata:
"Koko da zafi!"
Ba alƙali, ba maki,
layi har ƙofar masallaci.