Taliyar Ƙarfe Ɗaya

Ƙarfe ɗaya na dare na tura ƙyaure.
Bukoki ta yi barci,
sai rediyon mai shayi can bakin kwalta.
Kuran ya tafi tun la'asar, zafin ɗaki ne ya faɗa mini.
Ban cire farar riga ba.
Warin asibiti na nan a tafin hannuna.

Yau haihuwa bakwai muka karɓa.
Shida sun yi kuka.
Kada a tambaye ni saura.

Na ɗaga tukunyar gas, na girgiza ta kusa da kunne,
kamar mai tambayar tsohuwa ko da sauran magana.
Ta ce akwai, kaɗan.

Ruwa rabin tukunya.
Gishiri, abin da yatsu uku suka ɗauko.
Babu albasa, tumatir ya ƙare tun Talata,
ban kuma yi kewarsu ba.
Akwai daren da ciki ba ya son a cika shi da surutu.

Na riƙe fitilar waya da haƙora,
na karya taliya gida biyu, ƙas,
guntaye suka yi tsalle ƙarƙashin gado,
rabon tururuwa ke nan, su ma ba su ci ba.

Arzika ne ya koya mini,
shekarar da muka sauka Yamai da akwati ɗaya,
shi yana koyon walda a Katako, ni ina makarantar ungozoma,
wata ya yi nisa, aljihu ya yi shiru.
Yakan ce: kada ki rufe ta, ba ta son kulle,
kada ki tafi ki bar ta, ba ta son raini.
Ki ciro ɗaya ki ciza.
In ta daina gardama amma ba ta miƙa wuya ba,
sauke.

Na ciro. Na ƙona leɓe. Na sauke.
Na tsiyaye ruwan a bakin zaure,
na rage ɗan kaɗan a gindin tukunya, yadda yake yi.

Sai man.
Man shanun Gwaggo Laure ne, cikin kwalbar mayonez,
daga Tawa ya zo a motar safe,
an ɗaure bakinsa da leda da tsumman zane
da na gane shi, tana ɗaura shi ranar kasuwa.
Zafin garin nan ya riga ya narka shi.
Cokali ɗaya.
To, biyu. Wa ke lissafi?

Ya sauka a kan taliya ba hayaniya,
ya bi kowane zare yana gaishe shi,
ɗakin ya cika da ƙamshin ƙwarya da hayaƙi,
da safiyar da ake kaɗa nono bayan ɗakin girki
mu kuma muna jiran a ba mu lasa.

Na zauna a tabarma, tukunya tsakanin ƙafafuna.
Ba faranti. Ba yaji.
Loma ta farko ta wuce da ƙyar,
akwai abin da ya tare hanya tun ƙarfe tara.
Ta biyu ta lallashe shi.
A ta biyar na ji kafaɗuna sun sauko daga kunnuwana.

Wata huɗu ke nan Arzika bai kira ba daga Abijan.
Hannuna bai samu labari ba,
har yanzu na mutum biyu yake aunawa.

Na rufe sauran da murfi,
na fita ba takalmi na miƙa wa Alfari mai gadin famfo.
Ya buɗe, ya shinshina, ya ce da Hausarsa ta Zabarmawa:
wannan ba miya?
Na ce ba miya.
Ya ci loma, ya yi shiru, ya sake ci.

Ina komawa kuran ya dawo,
fanka ta fara juyi a hankali.
Na wanke hannu.
Warin asibiti ya tafi, ko kuma man ya rufe shi.
Gobe ƙarfe takwas ina da aiki.