Mai Sallama a Bayan Mota

Da aka raba gadon Baffa
motar ce ta faɗo a kasona,
ita da bashin taya biyu
da wani ƙwanƙwasa a baya.

Ƙwas. Ƙwas-ƙwas.
Ba ya yi a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta.
Sai na sauko daga gadar Kabuga,
sai na faɗa ramin nan na gaban gidan mai,
sai na karya kwana zuwa Goron Dutse,
sannan ya ce: ga ni.

Kowa a Kano bakanike ne
in dai motar ba tasa ba ce.
Mai shayin layinmu ya ce salansa ce ta saki.
Maƙwabcina ya rantse shokozoba ce.
Wani ɗan adaidaita ya leƙo a tsakiyar cunkoso,
"Alhaji, boris ɗinka ya tafi,"
ya kutsa ya wuce, ko ƙarar bai ji ba.

Ran Talata na kai ta Ƙofar Ruwa wurin Sallau,
mai farce baƙi da furfura a gira.
Bai taɓa sifana ba tukuna.
"Da sanyin safiya yake yi, ko sai ta ɗau zafi?
In ka taka birki yana yin shiru?
Ƙarfe kake ji yana cin ƙarfe,
ko abu mai nauyi ne ke mirginawa?"
Na ce wallahi ban sani ba.
Ya ce, "To ba saurare kake ba,
lissafin kuɗi kake yi."

Ya danna bayanta da dukan ƙirjinsa.
Ta rusuna, ta ɗago sau ɗaya, ta tsaya cak.
"Shokozoba ba ta da laifi."
Ya sa jak, ya riƙe taya sama da ƙasa,
ya jijjiga ta kamar mai tada barci.
Ko motsi.
Ya kwanta a kan kwali, ya naushi salansa,
robobinta na nan riƙe da amana.
"Bushin ya tsufa," in ji shi daga ƙarƙashi,
"amma ba shi ke magana ba."

Sai ya ƙwala wa Tasi'u kira,
yaron shago, siriri kamar sillen kara,
aka naɗe shi a but kamar tabarma,
muka nufi Kurna muna neman ramuka,
ni da na shekara ina kauce musu.

Rami na uku, murya ta fito daga duhu:
"Oga, a ƙarƙashina yake!"

Muka ɗaga safaya.
Dutse ne. Bai fi mangwaro ba.
Gefe ɗaya ya yi sumul, har yana sheƙi.

Wata bakwai na ƙarshe
ruwa ya zama abokin gaban jikin Baffa.
A kan dutsen nan yake taimama
a kujerar baya, hanyar asibiti,
ni kuwa ina gaba, ina duba agogo,
ina tsaki, ina danna ham.
Sau nawa tafinsa ya sauka a kai
ban ko kalli madubi ba?

Sallau ya goge hannu a wando, ya sake gogewa,
kafin ya miƙo mini shi da hannu biyu.
Na ce nawa ne?
Ya ce, "Kuɗin me? Ko noti ban ɗaure ba.
Ba yaro na rake.
Bushin kuwa, ka dawo kafin damina."

Uwar yarana ta ce in sa shi a kan kanta,
kusa da agogonsa da ya tsaya.
Kwana biyu motar ta yi shiru,
irin shirun ɗakin da aka kwashe kaya.

Ran Juma'a na mayar da shi ƙarƙashin safaya.

Yanzu in na zo ramin gaban gidan mai
nakan kashe rediyo, in rage gudu.
Ƙwas.
Wa alaikumus salam, Baffa.
Ba sauri nake ba.