Tsakanin Baƙi da Fari

Naraguta, ƙarfe biyun dare.
Sanyi na cizon yatsuna,
janareton maƙwabta ya yi shiru.

Tabawa ƙanwata ta ce:
"Wata bakwai kina zanen abin da bai kai ƙwayar acca ba!"
Da gaskiyarta.
Lamba ce ke shigowa, sifiri da ɗaya, bebiya,
ni ce mai yi mata tafinta zuwa ƙarfin wuta,
gwargwadon da ruwan cikin gilashi zai ji, ya juya,
ya buɗe wa haske ƙofa
ko ya sakaya.

Tsakanin baƙi da fari
hawa ɗari biyu da hamsin da shida ne.
In ɗaya ya ɗara ɗan'uwansa da silin gashi
sai layi ya tsaga fuskar mutum,
shasshawar da ba wanzami ya yi ba.

Na matse fili, kuskure ya miƙe ƙafa.
Na kori kuskure, fili ya ce bai isa ba.
Gajeren bargo kenan.

Kakana Mato ya haƙi kuza a Bukuru,
ya yi dakonta a kwano,
ba wanda ya gaya masa inda za ta.
Wataƙila ita ce ke narkewa yanzu a bakin ƙarfena.

Hotonsa ɗaya gare mu, ya koɗe.
Shi nake ɗorawa a allon gwaji.
Jiya layi uku ne a kuncinsa.
Yau biyu.

Ban kwanta ba tukuna, Kaka.