Allon Ƙarfe a Bakin Tafki

Bayan garin Webster, a Dakota ta Kudu,
tayar baya ta ɗau zafi.
Na ce bari tirela ta huce, ni ma in sami la'asar.
Ƙasa a shimfiɗe kamar faifai,
ba dutse, ba kuka, ba inda ido zai jingina.

Sai ga tafki. Ba wani babba ba.
Da a wajenmu ne, da bazara ɗaya ta lashe shi.
Agwagin daji sun ja sahu a kan ruwa,
iska tana tsefe ciyawa, tana sake kitsa ta.

A gefe an kafa allon ƙarfe, fenti ya soma ɓarewa.
Wani mai ƙaiƙayin hannu ya gwada bindiga a kansa,
huda uku, ɗaya ta cinye rabin shekarar.

Allo ya ce: a nan Halvor Tveit ya kwance wa shanunsa karkiya,
ya yanki ƙasa da ciyawarta, ya jera kamar tubali,
ya yi ɗaki.
Ya ce sanyin farko ya ɗauke masa yara biyu.
Bai faɗi sunansu ba.
Matar kuwa tana cikin "da iyalinsa".
Can ƙasa, inda tsatsa ta fi kamawa, layi guda:
mutanen Dakota sun kasance suna yada zango a nan.
Sun kasance.
Sai ka ce su suka ga dama suka naɗe tabarma.

Wata tsohuwa ta iso da kare da gwangwanin fenti.
Marlys, in ji ta. Duk kaka takan zo ta cike haruffa.
Ta ɗora yatsa a kan "iyalinsa":
"Wannan kakar kakata ce. Ragna.
Ita ke fasa ƙanƙara da gatari ta ɗebo ruwa."
Na nuna layin ƙasa. Ta daɗe tana kallon kare.
"Shi ma ina shafa masa," ta ce.

Ta tambayi garinmu. Na ce Tungar Jatau.
Kakan kakana ne, ya sauke jaki a bakin wata ƙorama,
jaki ya ƙi tashi, shi ke nan gari ya kafu.
Ba mu da allo, sunan ne a bakin kowa.
Shekara arba'in da shida ina ba da labarin nan da fankama,
ban taɓa tambayar wa ya tarar a bakin ƙoramar ba,
ko hayaƙin wa ya hango kafin ya sauka.

Na yi alwala. Ruwan ya sare ni har gwiwar hannu.
Da na sallame, tana tsugune tana bin harafi da buroshi,
harshe a waje kamar 'yar makaranta.

Na ciro waya in kira Gwaggo Hansatu,
ita kaɗai ta rage da ta san tushen zancen.
Na lissafa: can dare ya yi nisa,
kuma kunnenta ya yi nauyi tun bara.