Biyar Cikin Ɗari

Kawu Shekarau ya miƙo min littafinsa,
bangon ya sha manja, ya sha gumin aljihu.
Shekara tara na farashin masara a Saminaka,
kowace kasuwa da layinta,
baƙin biro in an ci, ja in an faɗi.
Ya ce, "Ladidi, ke muka tura Zariya koyon ƙididdiga.
Duba min, in cika sito bana, ko in ƙulle kuɗina?"

Na zauna bayan sikeli, kan buhun da ɓera ya huda.
Na tara, na raba, matsakaici ya fito,
lamba mai ladabi, ta durƙusa ta gaishe mu.
Amma na san halinta.
Wanda aka ce wa kogin Kaduna
a matsakaici iya gwiwa ne,
shi ake nema da kwalekwale a ƙarƙashin gada.

Sai na bi makonnin ɗaya bayan ɗaya:
kai, taku nawa ka kauce daga tsakiya?
Wani ɗaya. Wani ya yi tsallen ɗan akuya.
Na ninka kowace tazara da kanta,
don kada hawa da sauka su haɗa baki
su ce min lafiya lau.
Abin da ya rage a takarda
shi ne faɗin rawar kasuwa, ba kiɗanta ba.

Na kuma lura wahala ba ta zuwa ita kaɗai.
Makon da taki ya yi tsada,
na bayansa gada ta karye,
na bayansa motocin masu kaji suka daina zuwa.
Jan biro a jere, kamar kwarkwasa ta sami hanya.

Na ce, "Kawu, cikin kasuwa ɗari,
casa'in da biyar asararka ba za ta haura buhu sha biyu ba."
Ya tura hula ƙeya.
"Madalla. To, sauran biyar ɗin fa?"

Injin niƙa ya yi shiru a rumfar maƙwabta.
Na duba kwamfuta, ta dube ni.
A nan lissafi ke tuɓe takalmi ya tsaya a bakin ƙofa.

Ya karɓi littafin, ya lashi yatsa,
ya buɗe wani wuri da na tsallake:
layi huɗu, fari fat, ko ɗigo babu.
"Shekarar da na sayar da motata ke nan.
Ban rubuta ba. Hannun ne ya ƙi."

Ashe mafi munin kwanakin
ba su ma shiga lissafina ba.

Da la'asar ya sayi rabin abin da ya yi niyya,
ya ƙara da waken suya buhu talatin,
sauran kuɗin ya ce su kwana.
Ya rubuta farashin yau da baƙi,
ya taɓa aljihu,
ya tabbatar jan yana nan.