Furen da Inna Ba Ta Sani Ba

Masu ɗinka kambas da rigar ƙwallo
su suka dasa lambu a kwalba.
Ni Tasalla aikina fesawa a 'yar takarda,
in miƙa wa matan Ikeja,
su shinshina, su ji kuɗi, su wuce.

Kwalba guda, albashina da rabi.

Yamma a danfo, hanyar Agege,
gumi da hayaƙi
suna kokawa da abin da ya maƙale a yatsuna.

Inna ta kama hannuna, ta lumshe ido:
“Wane fure ne wannan? Babu shi a Ɗambatta.”
Ni ma ban taɓa ganinsa ba, Inna.

An kira isha.
Na ɗan jinkirta alwala
har ta gama shaƙa.